Yadda ake haɗa turaren tukunya don kyauta

Duk gidan da kika shiga a Damagaram bayan magariba, daga Birni har Zongo, hayaƙin turaren wuta ne ke fara tarbar ki kafin matar gida ta fito. Da shi muka tashi, kuma amarya ba ta tarewa babu kasko a cikin kayanta. To amma akwai waɗanda hayaƙin nan ba ya yi da su. Uwar mijina na cikinsu. Da an zuba turare a garwashi tari ke sarƙe ta, sai ta ɗauki tabarma ta koma tsakar gida har ɗaki ya sha iska. Shekara da shekaru ina kai mata sabulu da goro da turmin atamfa, ban taɓa kai mata abin ƙamshi ba, don ban san wanda zai karɓe ta ba.

Wani hunturu na dafa shayi da kanumfari da ɓawon lemu, baƙi suka tashi ba su sha ba, na manta da butar a kan furno wuta na mutuwa a hankali. Da na dawo daga rakiya na tarar falon ya ɗauki ƙamshi kamar an turara shi, ga shi babu hayaƙi ko ɗis. Daga baya na gane mutanen Amurka da Turai da gangan suke yin haka a lokacin sanyinsu, musamman wajen Kirsimeti, har suna ƙulla kayan a kwalba su ba juna. Sunan da suke kiransa, pot-pourri, na Faransanci ne, kuma duk wanda ya yi lakkol zai yi dariya, don ma'anarsa "ruɓaɓɓiyar tukunya". Ni turaren tukunya nake ce masa, kuma babban aikin da ke cikinsa shi ne kada ya ruɓe.

Dabarar ba ta da wuya. Ɓawon lemu da kanumfari da kirfa duk suna da mai a jikinsu. Shi ne wanda ke fesa miki a ido idan kin matsa ɓawon lemu. Ruwa idan ya yi zafi yana fito da man, tururi ya ɗauke shi ya watsa cikin ɗaki. Ba abin da ke ƙonewa, shi ya sa ba hayaƙi. A hunturu kuma, lokacin da leɓe ke tsagewa hanci na bushewa, ɗan tururin nan kansa wani jin daɗi ne.

Lokacin yi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A nan ne lemu ke cika gari, wanda ake ɗaukowa daga Najeriya ta hanyar Magarya da Matamai, da wanda ke saukowa daga lambunan Timiya ta Agadas. A nan ne kuma iska ta fi bushewa, abin da kika shanya da safe kafin la'asar ya fara ƙanƙancewa. Bazara ma tana shanya, sai dai lemu ya yi tsada kuma zafin rana na cinye ƙamshin ɓawo. Damina kam ki haƙura, daga Yuli zuwa Satumba duk abin da kika shanya rabinsa na fumfuna ne. Idan sallah ko bukin da kike nufi zai faɗo a damina, ki haɗa tun hunturu ki rufe. Haɗin da ya bushe sosai yana kai wata 6 da ƙarfinsa, bayan nan ƙamshin ya fara ja da baya.

Cefane

Kasuwar Dole ranar Alhamis, wajen masu kayan yaji, nan za ki samu kusan kome a zama ɗaya. Doka ɗaya ce: kada ki sayi gari. Garin kirfa da garin citta suna kwanciya a gindin tukunya su zama taɓo, su kama, su yi ƙauri. A kwalba ma suna ɓata sauran kayan, kome ya koma launi ɗaya kamar an kwaso shi a ƙasa. Kome ki saye shi da jikinsa.

Kanumfari shi ne uban tafiya, kuma shi aka fi cutar mutane da shi. Akwai wanda ya tsufa a buhu, akwai wanda an riga an tatse mansa. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki danna farce a jikinta. Mai kyau zai bar miki ɗan maiƙo da ƙamshi mai yaji a farce. Ki duba kuma kan nan mai kamar hula yana nan, bai zube ba. Idan kin zo gida ki jefa kaɗan a kofin ruwa: mai rai yana nutsewa ko ya tsaya a tsaye kansa sama, wanda ya mutu kwanciya yake a saman ruwa kamar kara.

Kirfa iri 2 ce. Akwai mai kauri mai tauri ja-ja, ɓawo ɗaya a naɗe, ita ce ta fi yawa a kasuwarmu. Akwai siririya mai laushi da ake naɗe ta falle-falle, ta Siri Lanka, ta fi tsada. Don wannan aiki mai kaurin ta fi, ƙamshinta ya fi ƙarfi kuma tana jure tafasa sau 2. Sunayen nan biyu, kanumfari da kirfa, daga Larabci muka aro su, alamar cewa ba jiya suka zo mana ba. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauka a Zongo suke shigowa garin nan, duk da cewa shi kanumfari asalinsa can tsibiran Indonesiya ne, kuma Zanzibar da Madagaska sun yi suna wajen nomansa.

Sai busasshiyar citta mai yatsu, da gyaɗar ƙamshi, da zoɓo ja don launi. Idan za ki yi haɗin amarya ki nemi kajiji da saiwar jema wajen masu kayan turare. Ganyen na'ana'a da ciyawar shayin nan da muke kira sitronel kuwa ɗanye za ki saya wajen masu lambu ki shanya da kanki, don busasshen kasuwa sau da yawa ƙura ya fi ƙamshi yawa.

Kimba ina da ja a kanta. Wasu na son ta, amma galibi da hayaƙi ake busar da ita, kuma idan ta yi yawa ɗakin sai ya koma kamar ana dafa kunun maijego. Silli ɗaya a fasa ya isa, ko a bar ta. Masoro da barkono kada su kusanci tukunyar nan, tururinsu atishawa ne da hawaye.

Ɓawon lemu kuma ba sai kin saya ba. Masu saida lemu a bakin titi suna fere shi siriri, dogo kamar zare, su bar farin a jikin lemun. Wannan koren ko rawayan da suke zubarwa shi ne wurin da man yake gaba ɗaya. Ki kai wa ɗaya kwano mai tsabta da safe, ki ce, "Malam, don Allah yau ka tara mini ɓawon a nan, kada ya taɓa ƙasa." Da yamma ki aika yaro ya ɗauko, ki sayi lemu na dala ashirin a kai don gobe ma ya yarda. Ferewarsu ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, kuma idan ta bushe tana nannaɗewa ta ƙawata kwalba.

Shanya, inda aikin yake

A nan zan daɗe, don a nan na taɓa faɗuwa.

Fara da wanke lemun da ruwa, ki goge shi da tsumma, saboda ƙurar hanya da maganin feshi. Ɓawon da kika karɓo ma ki ɗauraye shi sau ɗaya ki tsane shi a kwando. Ki zaɓi lemu mai tauri, wanda bai nuna ya yi laushi ba, mai siririn ɓawo. Ki wasa wuƙa sosai. Ki yanka shi a kwance, yadda kowane yanka zai fito da zane kamar ƙafar keke, kaurinsa kamar rabin santimita. Idan ya fi haka kauri bayansa zai bushe cikinsa na nan da ruwa. Idan ya fi haka siriri zai manne a faifai ya yage. Ki cire ƴaƴan. Sannan ki shimfiɗa yankan a kan tsumma mai tsabta, ki ɗora wani a sama, ki danna da tafin hannu ya tsotse ruwan. Wannan dannawar kaɗai tana rage miki kwana guda na shanya. Lemun tsami ma haka za ki yi masa, sai dai shi yana yin duhu idan ya bushe, kada ki ɗauka lalacewa ya yi.

Ki jera su a faifai ko raga, kada wani ya hau wani. Faifai ya fi tiren ƙarfe, don iska na ratsa shi ta ƙasa, ƙarfe kuwa zafi yake ɗauka ya dafa lemun ya manne. Ki rufe da tsohon mayafi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙurar hunturu, ki danne gefensa da duwatsu. Na ga masu rufewa da sange. Kada ki yi, yawancin sangen da ake rabawa akwai maganin sauro a jikinsa. Ki ɗora faifan a kan rumfa ko soro, inda akuya da kaji ba sa kaiwa. Akuya na son ɓawon lemu fiye da yadda kike tsammani.

Ki juya su sau 2 a rana, hantsi da azahar. Rana na faɗuwa ki shigo da su ɗaki. Ɓawo yana bushewa cikin kwana 2 zuwa 3. Yankan lemu yana cin kwana 4 zuwa 6, gwargwadon kaurinsa da yadda iska take. Ganye kuwa, na'ana'a da sitronel, ba a rana ake shanya su ba. Ki ɗaure su ƙanana-ƙanana ki rataye a inuwa inda iska ke wucewa, kamar zaure, kwana 3 ko 4. Rana tana mayar da su baƙi ta kwashe ƙamshin.

Mai tanda ta gaz za ta iya gajarce hanya: wuta can ƙasa, kamar digiri 80 zuwa 90, awa 3 zuwa 4, ana juyawa duk rabin awa, a bar ƙofar a ɗan buɗe tururi ya fita. Ni dai ina ganin asarar gaz ce a garin da rana ke aiki kyauta.

Yanzu gwaji. Ido ba ya isa. Ɓawo ki lanƙwasa shi, ya karye ƙas. Idan lanƙwashewa ya yi kamar fata, da saura. Yankan lemu ki danna tsakiyarsa da yatsa, kada ki ji danƙo ko sanyi. Ki ɗaga shi a rana ki ga haske na ratsa shi kamar gilashi. Gwaji na ƙarshe shi ne wanda ba na tsallakewa: ki zuba kaɗan a busasshiyar kwalba, ki rufe, ki ajiye a rana awa 1. Idan kika ga gumi ko hazo a jikin kwalbar daga ciki, ki mayar da su faifai su ƙara kwana 2.

Karo na farko da na yi da yawa, bukin ƙanwar mijina ne, ina sauri. Lemun ya yi kwana 3, na taɓa na ji kamar ya yi, na cika kwalba 12 na ɗaure su da atamfa gwanin sha'awa. Kwana 8 bayan nan na buɗe akwatin don in raba, kowace kwalba ta yi farin gashi a ciki, wasu har da kore. Yanka ɗaya mai danshi ya isa ya kashe kwalba guda, kirfar da kanumfarin duk su tafi. Ranar da sabulu na tafi gidan buki. Idan kika ga fumfuna kada ki ce za ki tsince mai kyau, zubar da duka.

Haɗawa

Ma'aunin da zan bayar na tukunya ɗaya ne, ruwa lita 1. Ki ninka shi gwargwadon ƙullin da kike so.

Haɗin da na fi yi, wanda kuma ban ga wanda ya ƙi shi ba, shi ne na hunturu: yankan lemu 4, ɓawo cikin tafin hannu 1, kirfa sanda 2 kamar tsawon yatsa, kanumfari ƙwaya 15, citta yatsa 2 a ɗan daddage su da taɓarya su fashe ba tare da sun zama gari ba, da kwatan gyaɗar ƙamshi. Ki ƙirga kanumfarin, kada ki ɗiba da hannu. Shi ne ke danne kowa, idan ya wuce 20 ba za ki ƙara jin lemu ba, ɗakin zai koma warin maganin haƙori.

Na biyu mai sanyi ne, na safe ko na lokacin zafi, yana kuma kore ƙarnin kifi da ƙaurin suya daga madafa: yankan lemun tsami 6, sitronel a yayyanka kamar tsawon yatsa cikin tafin hannu 2, na'ana'a cikin tafin hannu 1, citta yatsa 1, kanumfari 5. Wannan ba ya daɗewa kamar na farko, ganye ne, cikin wata 3 a yi amfani da shi.

Na amarya shi ne ya fi kusa da ƙamshin da hancinmu ya saba da shi. Kajiji ƙwaya 6 a fasa, saiwar jema ɗan ƙulli kamar kaurin babban yatsa a wanke ta da kyau a shanya don ƙasa na maƙalewa a jikinta, kirfa sanda 1, kanumfari 8, ɓawon lemu cikin tafin hannu 1, zoɓo 5. Zoɓon ba ƙamshi yake bayarwa ba, ado ne, yana sa kwalba ta yi kyau ruwan ya yi ja. Kajiji da jema ba su da gaggawa, sai an yi kamar minti 20 kafin su buɗe, amma idan suka buɗe suna kama labule da shimfiɗa.

Na taɓa kankare goriba na zuba a haɗin hunturu, ta ba da wani ƙamshi mai zaƙi kamar ana toya biskit. Sai dai tana da sukari, ruwa na yin ƙasa take kamawa. Mai son gwadawa ta sa ɗan ɓalli, ba gari ba.

Abin da ba na yarda da shi shi ne ɗiga humra ko turaren kwalba a cikin haɗin don a ƙara masa ƙarfi. Yana jiƙa kayan da kika sha wahalar busarwa, yana tashi da kaifi idan ya ji zafi, kuma wanda kika yi dominsa, mai gudun turare mai ƙarfi, shi kika kora.

Kafin ki ƙulla ko ɗaya, ki dafa guda a gidanki. Ki fita waje minti 5 ki dawo, don hancin da ke zaune a ɗaki ba ya jin gaskiya. Idan yaji ya yi yawa ki rage kanumfari, idan ya yi lami ki ƙara ɓawo.

Ƙullawa

Kwalbar gilashi mai murfi ta fi kome, irin ta mayones ko ta zuma ko ta kofi. Matsalarta wari ne, kuma a murfi yake ɓoyewa. Ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki jiƙa murfin a ruwan toka ko bikarbonat ya kwana, ki ɗauraye, ki kife su a rana kwana 2. Ki sansana. Idan har yanzu kina jin abin da ya zauna a ciki, ki ba wannan kwalbar wani aiki. Takardar jikinta tana fita idan ta jiƙa, danƙon da ya rage ki goge shi da ɗan man gyaɗa sannan ki sake wankewa. Ɗigon ruwa ɗaya kada ya rage a ciki.

Wajen zubawa ki fara da masu nauyi, citta da kajiji da kanumfari a ƙasa. Ki tsayar da kirfa a tsaye. Yankan lemu ki jingina su a jikin gilashin suna kallon waje, ki cika tsakiya da ɓawo don ya riƙe su, zoɓo da ganye a sama. Ki rufe tam. Ki je wajen telanki ki roƙi ƙyallayen atamfa da shadda da suka rage, ki yanka su murabba'i, ki lulluɓe murfin, ki ɗaure wuyan kwalbar da zaren kaba ko zaren saƙa. Idan bukin na da anko, ƙyallen ankon za ki sa, mata na lura da irin wannan.

Kwalba ɗaya dahuwa ɗaya ce, kuma wani lokaci na ga hakan ya yi kaɗan a matsayin kyauta. Sai in ƙulla kowane haɗi a farar leda daban, in ɗaure bakin sosai, in jera 3 ko 5 a ƙaramin kwandon kaba ko ƙwarya, in rufe da faifai. Wannan ya fi dacewa da saƙon da zai yi tafiya, kamar zuwa Yamai ko Maraɗi a mota, inda kwalba ke iya fashewa. Ƴan jakunkunan fata na dukawan garin nan suna da kyau ƙwarai, amma fata na da warinta kuma kayan ƙamshi na sha. Idan da ita za ki yi, ki ninka leda 2 tukuna.

Idan da yawa za ki yi, ki jera kwanoni ki riƙa zuba abu ɗaya a duka kafin ki koma na gaba. Yara na son ƙirgar kanumfari, ki ba su.

Takardar bayani

Wannan ba ado ba ne, rabin kyautar ne. Mutanenmu idan suka ga abin ƙamshi garwashi suke nema, idan suka ga kanumfari da citta buta suke nema. Na kai wa gwaggona kwalba ɗaya ban yi bayani ba, don na tarar da ita da baƙi. Da na koma gaishe ta ta ce, "Ke ƴar nan, wane irin turare kika kawo mini? Na zuba a kasko ya cika mini ɗaki da ƙauri." Na ce, "Gwaggo, ai dafa shi ake yi." Ta ce, "Dafawa? To da kin ce shayi ne." Na ce ba shayi ba ne kuma. Ta dube ni ta ce, "Abin da ba a ƙonawa ba a sha, Allah ya kyauta." Sai da na ɗora mata tukunya da hannuna muka zauna, sannan ta yarda.

Don haka ki rubuta a ƴar takarda mai kauri, ki huda ta ki ɗaure a wuyan kwalbar. Da boko, da Faransanci idan mai karɓa ta fi jin sa, da ajami idan dattijuwa ce ko malami. Ga abin da nake rubutawa: "Turaren tukunya. Ba a sa shi a garwashi, ba a sha. A juye a ruwa lita 1, a tafasa, a rage wuta, a bar tukunya a buɗe. A ƙara ruwa idan ya yi ƙasa. A nisanta shi da yara." Sai watan da na haɗa. Duk da takardar, ki faɗa da baki.

Maganar sha, gaskiya haɗin farko da na biyu kayan shayi ne zalla. Amma sun yi kwanaki ana shanya su a sarari, ɓawon daga titi ya zo, kuma ruwan da kanumfari 15 ya yi awa 2 yana dahuwa a ciki ɗaci ne kawai. Na amarya kam sam ba na sha ba ne. Ya fi sauƙi a ce duka ba a sha.

Yadda mai karɓa za ta dafa

Tukunya ƙarama ta silba mai kauri, ko mai fenti, ko ta ƙasa. Tukunyar dalma irin ta maƙera tsamin lemu na cin ta ya ɓata mata ciki. Ta ƙasa tana riƙe zafi ko an sauke ta, amma tana shan ƙamshin har abada, don haka a ware ta don wannan aiki, kada gobe a dama fura a ciki.

A zuba ruwa lita 1, a juye ƙulli ɗaya, a bari ya tafasa sau ɗaya, sannan a rage wuta har sai ruwan na motsi kaɗan-kaɗan, tururi na tashi ba tare da ɓulɓula ba. Wuta mai ƙarfi tana kore man gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ta ƙone ruwan a banza. Cikin minti 10 zuwa 15 za a fara ji. Ana iya barin sa awa 2, ana leƙawa duk rabin awa a ƙara kofi ɗaya. Ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, kowa ya san kuɗin garuwa, amma duka-duka abin bai wuce lita 2 ba.

Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje da yawa, sai dai ba kowa zai kunna shi awa 2 don ƙamshi ba, ni ma ba na yi. Abin da nake yi shi ne in jira a sauke tuwon dare, in ɗora tukunyar a kan sauran garwashin da zai mutu a banza. Idan ta tafasa sai in ɗauke ta in kai ɗaki in ɗora a kan gammo ko tubali, can lungu. Tururin da take fitarwa kafin ta huce ya isa ɗaki guda. Tukunyar ake shigarwa, ba wutar ba. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a sanyi ne mutane ke rufe ƙofa da taga su kwanta da shi. Idan dole furno zai shiga falo, taga a buɗe, kuma a fitar da shi kafin barci.

Gidan da ke da mai rarrafe, tukunyar ta hau sama inda hannu ba ya kaiwa. Idan maijego za ki kai wa, ki ce a ajiye shi a ƙofar ɗaki ko a falo, ba kusa da jinjiri ba, kuma ki ba ta mai sanyin, ba mai kanumfari da yawa ba. Mai asma ma a fara da rabin ƙulli a gani, don rashin hayaƙi ba ya nufin kowane ƙirji zai ɗauka. Wannan abin ƙamshi ne, ba magani ba, kada ki sayar wa kowa da shi a matsayin maganin mura.

A hunturu ana iya rufe tukunyar a sake ɗora ta washegari, ƙamshin zai ragu amma yana nan. A zafin Afrilu da Mayu kwana ɗaya take yi ta yi tsami, sai dai mai firjin ta sa a ciki. Idan an gama a tace ruwan a goge daɓen ɗaki da shi, ban da mai zoɓo, wanda ke rina siminti da tsumma. Tukar a zuba a gindin shuka.

Ita uwar mijina, wadda saboda ita na fara, ƙulli 5 na kai mata a kwandon kaba, na haɗin hunturu. Bayan sati 2 ta aiko jikanta da kwandon cike da dabino, da saƙon cewa ta gode, tarin bai tashi ba, amma a gaya wa matar ɗanta hannunta ya yi nauyi a kanumfari. Nata yanzu 8 nake ƙirgawa, in ƙara mata yankan lemu ɗaya.